Wa da Ƙanwa a Ɗaki Ɗaya: Abin da Doka Ta Ce da Inda Haɗarin Yake

Da misalin ƙarfe tara na dare, a gidan haya irin na ciki da falo a Gwantu ko Kafanchan, aikin ƙarshe da ya rage wa uwa shi ne rabon wurin kwana. A tura teburi jikin bango, a kife kujeru a kansa, a shimfiɗa katifa ɗaya da tabarma biyu, a rataya gidan sauro a ƙusa. Na goye yana ciki tare da iyaye. Sauran huɗun, daga ɗan shekara 14 zuwa 'yar shekara biyar, falon ne makwancinsu. Haka gidaje da yawa suke kwana, kuma ba kasafai ake zancen a fili ba.

Idan aka yi zancen kuwa, sai a cakuɗa abubuwa uku. Wani ya ce ai a Ingila laifi ne wa da ƙanwa su kwana ɗaki ɗaya, ko nan ma hukuma tana iya karɓe yara. Wani ya kawo abin da ya ji a wa'azi. Wata ta kawo shawarar ma'aikaciyar asibiti. Doka daban, koyarwar addini daban, shawarar masana lafiya daban, kuma kowanne da abin da yake ƙoƙarin karewa. Wanda bai rarrabe su ba, ko dai ya tsorata da abin da babu shi, ko ya yi sake da abin da ke gabansa.

Kalmomin da ake buƙatar tantancewa

Na farko shi ne bambancin ɗaki da shimfiɗa da mayafi. Yara suna iya haɗa ɗaki kowa da tabarmarsa, suna iya haɗa katifa kowa da bargonsa, suna kuma iya shiga bargo ɗaya. Matakai uku ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne, ko a fiƙihu ko a wajen likita. Yawancin gardamar da ake yi tana faruwa ne domin wannan yana nufin ɗaki, wancan yana nufin bargo.

Na biyu ita ce kalmar 'yan'uwa, wadda a Hausa buhu ce mai faɗi. Akwai shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai 'yan uba. Akwai agola, wanda uwa ta zo da shi daga wani auren. Akwai ɗan riƙo, da 'ya'yan kawu da na gwaggo da aka kawo gari domin makaranta, da yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana taya aiki. Duk ana ce musu yaran gida, amma a Musulunci ba dukkansu ne muharramai ba, wato waɗanda aure ya haramta a tsakaninsu har abada. Mutum yana iya auren 'yar baffansa.

Na uku shi ne balaga. Likitoci sun ce alamunta sukan fara bayyana ga yarinya tsakanin shekara 8 da 13, ga yaro kuma tsakanin 9 da 14. Ashe ke nan babu wata rana guda da za a ce yau yaro ya girma. Na huɗu shi ne cunkoso: hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana lissafa gida a matsayin mai cunkoso idan fiye da mutum uku suna kwana a ɗaki ɗaya.

Yadda gidan gargajiya ya warware matsalar

Gidan gargajiya ya amsa wannan tambaya da gini, ba da jawabi ba. A gidan Bahaushe, yarinya tana kwana ɗakin uwarta ko na kakarta har ranar da za a kai ta ɗakin miji. Yaro kuwa da ya tasa sai a mayar da shi zaure ko ɗakin samari da ke ƙofar gida. A ƙauyukan Numana da Ninzo da Ayu da sauran al'ummomin Ƙaramar Hukumar Sanga, inda fili yake da yalwa kuma ƙasar gini da ciyawar jinka suna kusa, ƙara ɗaki ɗaya a gida aikin rani guda ne, dangi su taru su yi gayya.

Abin da ya canza shi ne zaman gari. Kafanchan ta girma ne a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa tun shekarun 1920, ma'aikata da 'yan kasuwa suka saba da zaman haya. Gwantu kuma, da yake ita ce hedikwatar Sanga, tana kan hanyar Akwanga zuwa Jos, ta tara malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da 'yan tireda. Ɗakin bulo da kwano kuɗi ne, kuma mai haya ba ya ƙara ɗaki a gidan wani. Sai kuma rikici. Bayan hare-haren da aka kai Fadan Karshi da ƙauyukan kewaye a watan Yunin 2014, mutane da dama sun bar gidajensu, wasu suka fake a makarantu, wasu a gidajen dangi. Gidan da ya karɓi iyalin ɗan'uwa a dare ɗaya, ba shi da zaɓin wa zai kwana kusa da wa. Duk wanda zai yi magana a kan wannan batu a Kudancin Kaduna, wajibi ne ya tuna cewa mafi yawan masu haɗa yara a ɗaki ɗaya ba don rashin sanin ya kamata suke yi ba. Hali ne ya kawo.

Me doka ta ce?

Babu dokar tarayya ko ta Jihar Kaduna da ta mayar da kwanan wa da ƙanwa a ɗaki ɗaya laifi, kuma babu wadda ta yanke shekarar da za a raba su a gidan iyayensu. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ta kafa ƙa'ida ne cewa a duk abin da ya shafi yaro, maslaharsa ce a gaba. Kaduna ta yi tata dokar ta jin daɗi da kare yara a 2018, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, kuma a shekarar ce ta yi dokar hana cin zarafin mutane. Waɗannan dokoki suna magana ne a kan cutarwa da sakaci, ba a kan tsarin ɗakuna ba.

Sai dai wurin kwana yana iya shiga shari'a ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce rigimar riƙon yara bayan rabuwar aure. Ko a kotun shari'ar Musulunci, ko kotun al'ada, ko babbar kotu, domin Kaduna tana da dukkan ukun, alƙali yana iya tambayar inda yaran za su kwana da wanda zai kula da su, ya auna shi tare da sauran hujjoji. Ta biyu ita ce idan an cuci yaro kuma ya bayyana cewa iyaye sun sani suka kau da kai. A nan laifin shi ne shirun da aka yi.

A ɓangaren hukunci kuwa, dokar ba ta da wasa. Kundin laifuffuka na Arewa, wanda ake kira Final Kot, tun farkon aiki da shi a 1960 ya sa saduwa tsakanin muharramai cikin laifuffuka. Kaduna ta sabunta nata kundin a 2017, sannan a watan Satumbar 2020 ta yi masa gyaran da ya ja hankalin duniya: wanda aka kama da laifin yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa. Masu goyon baya sun ce tsoro zai hana. Masu suka sun ce idan mai laifin ɗan gida ne, tsananin hukuncin zai ƙara sa dangi su binne maganar, don babu uwar da za ta kai ɗanta inda take jin za a kashe shi. Wannan fargaba tana da tushe, kuma ya kamata iyaye su san cewa yaron da ya yi laifi hanyarsa daban ce da ta babba. Dokar tarayya ta 2003 ta hana yanke wa yaro hukuncin kisa, ta karkata ga gyaran hali.

Daga ina batun shekara goma ya fito?

Maganar Ingila tana da asali, amma an juya ta. Dokar gidaje ta ƙasar ta 1985 ta ce gida ya yi cunkoso idan dole sai namiji da mace waɗanda ba ma'aurata ba sun kwana ɗaki ɗaya, kuma ba a lissafa yaran da ba su kai shekara goma ba. Ma'auni ne na tantance ko gida ya yi wa iyali kaɗan, wanda hukumomi ke dubawa wajen rabon gidajen gwamnati da sa ido a kan masu ba da haya, har falo ma ana ƙirga shi cikin ɗakunan kwana. Ba a yi shi don farautar iyaye ba. Kanada tana da nata ma'aunin, wanda ya sauko da shekarun zuwa biyar ga yara maza da mata. A Amurka babu dokar tarayya a kan 'ya'yan cikin mutum, amma jihohi suna gindaya sharuɗɗa ga masu karɓar riƙon yara daga hannun hukuma. Bambancin biyar da goma kaɗai ya isa ya nuna cewa lissafi ne na tsarin gidaje, kowace ƙasa da ƙarfin aljihunta.

Abin da masallaci da coci suke koyarwa

A wajen Musulmi maganar tana da nassi. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya yi umarni da koya wa yara salla tun suna shekara bakwai, shi ne kuma ya yi umarni da raba musu makwanci. Kalmar da aka yi amfani da ita tana nufin wurin kwanciya, ba ɗaki ba. Malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan ko rabuwar tana farawa daga shekara bakwai ne ko goma, da kuma ko sai kowa ya samu shimfiɗarsa ko ya wadatar kowa ya kasance cikin tufafinsa da mayafinsa. Abu biyu ake yawan mantawa. Umarnin ya haɗa har maza da maza, mata da mata. Sannan Suratun Nur, aya ta 58, ta koyar da yara neman izini kafin shiga wurin iyaye a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan sallar isha'i. Wato sirrin iyaye ma yana cikin lissafin. A ɗaki ɗaya da kowa ke kwana, abin da yaro yake gani ko ji daga gadon iyayensa yana iya fin kusancinsa da ƙanwarsa tasiri a kansa.

Littafi Mai Tsarki bai yanke shekarar raba makwanci ba, amma Littafin Firistoci, sura ta 18, ya haramta kusantar 'yar'uwa, ko ta uwa ko ta uba. Labarin Amnon da Tamar a Sama'ila ta Biyu, sura ta 13, ya cancanci a tsaya a kansa. 'Yan uba ne, 'ya'yan Sarki Dawuda, kuma kowa da wurin zamansa, ba a rasa ɗakuna ba. Abin ya faru ne lokacin da Amnon ya sallami kowa ya kaɗaita da ita. Bayan haka ɗan'uwanta Absalom ya ce ta yi shiru, uban ya fusata amma bai hukunta ba, gidan kuma bai sake zama lafiya ba. Fastoci a cocin ERCC da ECWA da limaman Katolika, da shugabannin zumuntar mata, suna da abin koyarwa a nan wanda ya yi daidai da abin da binciken zamani ya gano.

Inda haɗarin yake

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Najeriya. Ta gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Mafi yawan masu aikatawa mutane ne da yaran suka sani. A Birtaniya, masu bincike a wannan fanni suna ganin cewa cikin cutarwar da ke faruwa a tsakanin dangi, wadda ta fi yawa ita ce ta tsakanin 'yan'uwa, kuma ita ce aka fi ɓoyewa. Don haka uwar da hankalinta bai kwanta ba, ba mugun zato take yi ba.

Amma kalmar namiji da mace kaɗai ba ta nuna inda ramin yake. Abin da ya fi nunawa shi ne rata: ratar shekaru, ta ƙarfi, da ta iko. Ɗan shekara bakwai da 'yar shekara shida a tabarma ɗaya ba daidai suke da ɗan shekara 15 da 'yar shekara bakwai ba, musamman idan shi aka bar wa ragamar gida, shi ke raba abinci, shi ke da izinin duka idan iyaye sun tafi gona ko kasuwa ko kwanan biki. Yarinyar da aka horar cewa ba a musu da yaya, da wuya ta buɗe baki ta kai ƙararsa. Haka kuma ƙaramin yaro da aka tura ɗakin samari ya kwana da manyan da suka girme shi da shekara takwas ko goma, bai tsira ba don kawai duk maza ne. Wancan ɗaya cikin goma da binciken ya ambata yara maza ne, kuma su ne aka fi ƙin saurara.

Akwai kuma wani abu da masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Finlan, Edward Westermarck, ya kawo tun 1891: cewa yaran da suka tashi tare tun suna ƙanana sukan girma ba sa sha'awar juna. Binciken da aka yi daga baya a Isra'ila da Taiwan ya ƙarfafa wannan ra'ayi, ko da yake masana suna ci gaba da muhawara a kansa. Ba garkuwa ba ce, domin cin zarafi ya fi alaƙa da iko da samun dama fiye da sha'awa. Amfaninsa a nan shi ne ya tunatar da mu waɗanda ba su tashi tare ba: agola da ya shigo gida yana ɗan shekara 13, ɗan kawu da aka kawo don ya yi sakandare, yarinyar riƙo da ba ta da uwa a gidan da za ta kai wa kuka. Ita wannan ta ƙarshe ce ta fi kowa rauni, kuma sau da yawa ita ake shimfiɗa wa tabarma a bakin ƙofa.

Wayar hannu ta ƙara wani abu da gidan gargajiya bai sani ba. Waya ɗaya a hannun babban wa, cikin duhu, bayan iyaye sun yi barci, tana iya nuna wa ƙanne abin da shekarunsu ba su kai ba. Karɓe wayoyi da dare yana cikin matakai mafi sauƙi da iyaye ke da su.

Kada a gudu daga rami a faɗa rijiya

Masu cewa a raba ko ta halin ƙaƙa suna da hujja, amma akwai tambayar da ya kamata su amsa: a raba zuwa ina? Yaron da aka kora daga falo ya koma kwana a shago, ko baranda, ko ɗakin abokai a wata unguwa, ya fita daga idon iyaye a daidai shekarun da ake koyon shaye-shaye. A yankin da ya san harin dare, iyaye da yawa sun fi son kowa ya kwana inda hannu zai kai gare shi, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Ga kuma batun sauro, wanda ƙanƙani ne a ido amma babba ne a damina. Ƙa'idar rabon gidan sauro kyauta ita ce ɗaya ga mutum biyu. Wato tsarin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da kansa ya ɗauka cewa yara biyu za su haɗa shimfiɗa. Uwar da ta raba tabarma ba ta samo gidan sauro na biyu ba, ta bar ɗaya a fili. Mafita ita ce a haɗa yara bisa jinsi da kusancin shekaru a ƙarƙashin kowane gidan sauro, a kuma sa sayen ƙari cikin lissafin gida kamar yadda ake sa kuɗin makaranta.

Sauran haɗurran ɗakin kwana ba ruwansu da namiji ko mace. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na gidaje na 2018, ta danganta cunkoso da yaɗuwar tarin fuka da sauran cututtukan numfashi. Ƙazuwa da makero suna bin bargo. Kaskon garwashi a ɗaki rufe lokacin hunturu, da janareto kusa da taga, suna fitar da iskar da ba ta da wari kuma tana kashe mutum cikin barci. Jariri kuma bai kamata a kwantar da shi tsakanin yayyensa ba, don yaro mai nauyin barci yana iya danne shi bai sani ba. Likitocin yara sun fi son ya kwana ɗakin iyaye, a shimfiɗarsa, a rigingine, aƙalla watanni shida na farko.

Abin da mai ɗaki ɗaya zai iya yi

Ra'ayin da ya fi ƙarfi a nan shi ne a ɗauki shekara bakwai zuwa goma a matsayin lokacin fara raba shimfiɗa da mayafi, ba tare da jiran sai an samu ɗaki na biyu ba. Labule da igiya da ƙusa biyu suna raba falo gida biyu. 'Yan mata su koma ciki wajen uwa, uba ya fito falo wajen samari, tsari ne da gidaje da dama suke bi. Kowa ya kwana da tufafi, kowa ya samu lungun da zai canza kaya, yarinyar da ta fara al'ada ta samu inda za ta ajiye ƙunzugunta ba tare da an yi mata dariya ba. Ƙofar da yara ke ciki kada a kulle ta daga ciki, kuma a saba musu da cewa uwa tana leƙowa a kowane lokaci. A koya wa yaro tun yana ƙarami sunan sassan jikinsa, da cewa babu wanda ke da izinin taɓa su, ko yaya, ko kawu, ko malami.

Yaro yakan faɗi damuwarsa da hali kafin ya faɗa da baki. Wadda ta fara ƙin kwana a inda ta saba, ko take roƙon a bar ta ta kwana wajen kaka, wanda ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yake firgita idan an bar shi da wani ɗan gida, ya kamata a ja shi gefe a tambaye shi a hankali, ba a gaban wanda ake zargi ba, ba kuma da bulala a hannu ba. Idan ya faɗi wani abu, a raba shi da wanda ake zargi a daren nan, a kuma nufi asibiti kafin taron dangi. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, wato kwana uku. Gwamnatin Kaduna tana da cibiyoyin Salama na kula da waɗanda aka ci zarafinsu, kuma ta Kudancin Kaduna tana cikin Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan, inda ake duba lafiya, a ba da shawara, a kuma rubuta shaidar likita da kotu za ta nema. Daga Gwantu, babban asibitin garin da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma su ne matakin farko kafin a kama hanyar Kafanchan.